Sushi a Tokyo: na kan bel ko na Ginza?

Sushi curin shinkafa ne da yankan kifi a kai. A gidajen abinci irin su Sushiro ko Kura Sushi, bel mai zagayawa ne ke kawo maka faranti, yawanci da curi biyu, kuma yen 2,000 ta ƙosar da mutum. Ka yi oda ta allon tebur, don wanda ya daɗe yana zagaye kifinsa ya bushe.

Gidajen sushi na unguwar Ginza kuwa sai mai kumbar susa. Cin dare yakan haura yen 20,000, kujeru yawanci ba su fi goma ba, sai an kama wuri tun da makonni. Mai yankan kifin ne ke zaɓar maka, ya miƙo ɗaya bayan ɗaya, shinkafar da ɗuminta, ya riga ya shafa shoyu, wato miyar waken soya. Kada ka tsoma a shoyu kuma, curin zai wargaje.

Mai kiyaye halal ya tambaya ko'ina: miyar unagi (wani kifi mai kama da maciji) da mirin ake yin ta, mirin kuwa giyar shinkafa ce.