Silin mai shanye ƙara ko soson bango: wanne ya dace da aji?

Malam, tsakanin soson da ake mannawa a bango da allunan silin na ulun dutse (zaren da ake yi daga narkakken dutse), silin ɗin za ka ɗauka. Abin da ke cika aji da hayaniya yawanci muryoyin yaran ne da kansu, suna dukan siminti da gilashi suna dawowa, har su danne maganar malami. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta ba da shawarar amsa-kuwwar aji ta tsaya kimanin daƙiƙa 0.6, ƙarar da ke kewaye kuma kada ta haura desibel 35 (ma'aunin ƙarfin sauti) lokacin darasi. Idan amsa-kuwwa ta yi tsawo, kowa yakan ɗaga murya ba da saninsa ba, na kusa da shi ma ya ƙara tasa. Likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1911, kuma ita ce ke sa gidan abinci mai tayil da gilashi ya kaure da surutu da zarar tebura sun cika.

A ajin da nake koyarwa irin waɗannan allunan aka rataya, aka bar tazara tsakaninsu da rufi, domin iskar da ke bayansu tana taimakawa wajen shanye kaurin murya. Wata yarinya mai ƙarancin ji, wadda a da sai ta leƙa littafin ƙawarta kafin ta rubuta komai, ta fara amsa tambaya tun ban maimaita ba, ni kuma na daina tashi daga aiki da dusasshiyar murya.

Soso kuwa, na taɓa sayensa: siririn sauti kawai yake ragewa, yana tara ƙura, yara suna tsintsinke shi. Yana kuma saurin kamawa da wuta. Irinsa ne ya rura gobarar wani gidan rawa a Rhode Island ta Amurka a 2003, inda mutum 100 suka rasu.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce soso zai tare maka ƙarar titi yaudararka yake yi, domin bango mai nauyi da taga mai rufuwa ruf ne ke wannan aiki. Wasu kuma allon roba mai zane suke miƙawa da sunan mai shanye ƙara. Ka nemi takardar gwaji mai lambar NRC, wato lambar da ke nuna yawan sautin da allo ke shanyewa, kada ka karɓi ƙasa da 0.7, sannan ka hana mai fenti ya shafa wa allunan fenti mai kauri, domin yana toshe ƙananan ƙofofin da sauti ke shiga.