Kamfanin tantance kwalin ma'aikata: na gwada su a makarantata, ga yadda ta kaya

Tauraro uku cikin biyar zan ba su, ukun ma albarkacin abu ɗaya suka ci, sun iya naci a ofishin rijistara har sai an ba su amsa a rubuce. Sauran aikin da suke cajin kuɗi a kai kuwa wallahi yawancinsa da waya da data mutum zai yi abinsa yana zaune a ofis.

Ina da ƴar makaranta a Kano, firamare da ƙaramar sakandare, kuma bana mun ɗauki sababbin malamai da ɗan dama. Yadda muka saba dai kowa ya sani, mutum ya kawo fotokwafi, in an tsananta a ce ya zo da na asali, a ɗaga shi sama a kalli hatimi kamar wani abu muke ganewa, a yi masa intabiyu, a ce ya fara ranar Litinin. Kuma kar masu makarantu ƴan uwana su ce ni kaɗai ce, a tarukanmu ban taɓa jin wanda ya ce ya rubuta wa jami'a takarda yana tambayar ko malaminsa ya yi karatu a can ba. Masu shagon magani da ƙananan asibitoci ma da na ɗan taɓa hira da su duk kanwar ja ce. Wata ƙawata ce ta ba ni lambar kamfanin nan, ta ce da su wurin aikin maigidanta ke amfani.

Tsarin nasu ba wuya. Za ku tura musu hoton takardun ta WhatsApp ko imel, kowane malami ya sa hannu a wani fom na cewa ya yarda a bincika shi, sun ce saboda dokar kare bayanan mutane ta 2023 ba sa taɓa takardar kowa sai da izininsa, sannan a biya kuɗi kan kowane mutum ɗaya. Akwai ƙaramin tsari na sakandare da bautar ƙasa kawai, akwai babba da ya haɗa da digiri ko NCE ko difloma. Babban nan fa ba arha, kuɗin mutum ɗaya ya kusa rabin albashin sabon malami a wurinmu. Rahoton yana zuwa da kala: kore an tabbatar, ruwan ɗorawa ana jira, ja akwai matsala.

Abin mamaki, fom ɗin izinin nan ya fi komai aiki. Wani matashi da ya zo neman koyar da lissafi, mai ladabi, bakinsa da Turanci zar, yana karanta fom ɗin sai ya ninke shi biyu ya ce "Hajiya bari in je in yi shawara da yayana tukuna." Shawarar me a kan kwalinka? Har yau bai dawo ba, wayarsa ma ta daina shiga. Wannan kyauta na same shi, tun kafin kamfanin su ɗaga ko biro.

Inda na ji haushin kuɗina shi ne ƙaramin tsarin. WAEC tun 2022 ta buɗe shafin satifiket na intanet, ana iya ganin na waɗanda suka zana daga 1999 zuwa yau, NECO ma ta fito da nata tsarin tantance sakamako a 2023, hukumar NYSC na da hanyar tabbatar da takardar gama bautar ƙasa, JAMB kuma na da jerin sunayen ɗaliban da aka ba gurbi ta halastacciyar hanya. Ana ɗan biyan wani abu a wasunsu amma bai kama ƙafar abin da aka caje ni ba. Da rahoton ya zo na duba, ashe hoton shafukan nan kawai suka ɗauko suka manna a ƙarƙashin tambarin kamfaninsu. Aikin daidai ne, ban ce ƙarya suka yi ba, sai dai sakatariyata ma za ta iya.

Ɓangaren manyan makarantu ne na sara musu. Duk wanda ya taɓa neman takardar makinsa a jami'a ko kwalejin ilimi a ƙasar nan ya san wahalar, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin na wani ofis, jibi yajin aiki. Su suna da mutanensu da ke zuwa da ƙafa, su biya kuɗin da makarantar ta yanka, su karɓo risit, su yi ta sintiri har wasiƙa ta fito da sa hannun rijistara, kuma suna haɗo kwafin wasiƙar a cikin rahoton, ba wai su ce min "mun tabbatar" da baki kawai ba. Ta nan aka kama guda ɗaya. Kwalin NCE ne, an lulluɓe shi da leda tsaf, hatimi ja ɓaro-ɓaro, rubutun suna da irin ƙawataccen alƙalamin nan, wallahi ya fi na gaskiyar da ke cikin fayil ɗina kyau. Kwalejin ta rubuto cewa lambar rijistar tasu ce, amma ta wata ɗaliba ce daban a wani sashe daban. Da na kira malamin na ajiye masa wasiƙar a gaba bai yi musu ba, ya sunkuyar da kai ya ce "Hajiya a rufa min asiri, na fara karatun, kuɗi ne suka yanke a shekara ta biyu." Na sallame shi ba hayaniya. Ga shi kuma ya iya koyarwa, yara na son shi, abin ya tsaya min a rai sosai, amma in iyayen yara suka ji ko jami'an ma'aikatar ilimi suka zo duba mu, ni za a tuhuma.

To yanzu ga babban ƙorafina, shi ne ya cinye tauraro biyun. Akwai wanda ya kawo digiri na wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, rahoto ya zo kore shar. Na kira jami'insu na ce Malam, da me kuka tabbatar? Ya ce ranki ya daɗe mun tura wa makarantar imel sun amsa cewa ɗalibinsu ne. Na ce to ai nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya bi labarin Umar Audu, ɗan jaridar Daily Nigerian, ya san cewa a ƙarshen 2023 ya fallasa yadda ya samo digirin aikin jarida daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, kwalin ya wuce tantancewar ma'aikatar ilimi ta tarayya, har aka tura shi bautar ƙasa da shi alhali ya taɓa yi a baya. Kwalin nan nasa ba a bayan kasuwa aka buga shi ba, makarantar ce da kanta ta bayar, sunansa na cikin littafinsu. Ka tura musu imel sau goma, sau goma za su ce maka ɗalibinsu ne. Dalilin rahoton ne ma a farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya a watan Agusta ministan ilimi na lokacin Farfesa Tahir Mamman ya ce ƴan Najeriya sama da 22,000 ne ke yawo da kwalin bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kacal aka amince da su, biyar a Benin uku a Togo. Makarantar mutumin nawa ba ta cikin takwas ɗin. Ni da ba sana'ata ba ce na san wannan, kamfanin da ke cin abinci da tantancewa bai duba ba. Sun dai gyara rahoton ya koma ja, sun ba da haƙuri, amma da ban tambaya ba fa? Tambayar ko makarantar ta san ɗalibin daban, tambayar ko ita kanta makarantar halastacciya ce daban, kuma ta biyun ma ta fi sauƙi, domin a gida hukumar jami'o'i ta NUC na wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su har da na haramtattu, NBTE na kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE na kula da na ilimi.

Ba na ganin laifin ƙananan masu ɗaukar aiki sosai in sun yi sakaci, don na sama ma haka ake wucewa da su. Salisu Buhari ɗan nan Kano sai da ya zama kakakin majalisar wakilai a 1999 kafin mujallar The News ta tono cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi. Kemi Adeosun ta riƙe ma'aikatar kuɗi har 2018 kafin maganar takardar yafe mata bautar ƙasa ta sa ta ajiye aiki. A Oktoban 2025 ma ministan kimiyya Uche Nnaji ya yi murabus bayan rahoton Premium Times kan kwalinsa na jami'ar Nsukka, duk da ya ce murabus ɗin ba amsa laifi ba ne. Ministocin nan biyu majalisar dattawa ta tantance su fa, amma ƴan jarida ne suka tono. Yanzu dai gwamnati ta kawo tsarin NERD na tattara bayanan karatu wuri guda, in ya kankama irin waɗannan kamfanoni sai sun sake lale.

Wani abin kuma, kore a rahoto ba ya nufin mutum ya iya aiki, su ma sun faɗa min haka tun farko, na yaba musu. A 2017 da Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 cikin kusan 33,000 ne suka faɗi, ai ba za a ce duk kwalinsu jabu ba ne. Don haka gwajin koyarwa a gaban yara yana nan daram a wurina, haka ma tambayar rijistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rijista, wadda kamfanin ba ya dubawa sai an ƙara kuɗi, wannan ma son kuɗi ne kawai.

Mu'amalarsu ba laifi, suna ɗaga waya, suna ba da risit, budurwar da ke amsa saƙo tana da haƙuri ko da na turo tambaya da daddare. Lokaci ne dai ba sa cikawa, abin da suka ce mako biyu sai ya haura wata, kuma ba sa sanar da mutum sai ya bi ba'asi.

Zango mai zuwa in Allah ya kai mu sakatariyata ce za ta riƙa yin WAEC da NECO da NYSC da JAMB, su kuma in bar musu zirga-zirgar jami'a da kwaleji kawai, na riga na tambaya sun ce za su iya cire wannan daban a rage kuɗi. Duk kwalin ƙasar waje kuwa sai na ga sunan makarantar a jerin gwamnati da idona kafin in tura musu. Har yanzu akwai guda ɗaya da ke ruwan ɗorawa, sun ce jami'in da ke riƙe da kundin shekarar ya yi ritaya ba a miƙa wa wani ba tukuna, malamar na ci gaba da koyarwa a matsayin ta wucin gadi har wasiƙar ta fito.