Manhajar LiST: ta iya lissafin rayuka, amma ba ta san jiharka ba

Duk mai binciken lafiyar al'umma da ya taɓa kai rahoto ofishin kwamishina ya san tambayar da ke jiransa: idan muka sa kuɗi a nan, yara nawa za su tsira? Lives Saved Tool, wadda aka fi sani da LiST, manhaja ce da aka ƙera don amsa wannan tambaya. Makarantar nazarin lafiyar al'umma ta Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ce ta samar da ita, kuma tushenta jerin binciken da mujallar Lancet ta buga a 2003 kan mutuwar ƙananan yara. Kyauta ce. Tana cikin babbar manhajar Spectrum da ake saukewa a kwamfuta mai Windows, akwai kuma wadda ake amfani da ita kai tsaye a intanet. Akwai Turanci da Faransanci, wanda zai yi wa ma'aikatan Nijar daɗi. Babu Hausa.

Da ka zaɓi ƙasa, za ta cika maka gurabe da alƙaluman da take ɗauke da su: yawan jama'a, yawan mace-macen jarirai da yara da mata masu haihuwa, cututtukan da ke kashe su, da kason mutanen da kowane magani ko rigakafi ke isa gare su. Na ƙarshen nan daga binciken gida-gida irin su DHS da MICS take ɗauko shi. Aikinka shi ne ka tsayar da shekarar farawa da ta gamawa, ka ajiye hasashe guda wanda ba a taɓa komai ba, sannan ka yi na biyu inda ka ɗaga kason abin da kake son gwamnati ta faɗaɗa. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne rayukan da aka ceto.

Ya kamata mai amfani da ita ya iya yin lissafin da hannu ko da sau ɗaya, domin a gaban babban sakatare ba a cewa “kwamfuta ce ta faɗa”. Ɗauki ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wato ORS. LiST ta ɗauka yana hana kashi 93 cikin 100 na mutuwar gudawa ga yaron da aka ba shi. Binciken DHS na Najeriya, wato NDHS, na 2018 ya nuna kashi 40 na yaran Najeriya masu gudawa ne ake ba su. A ce ana son a kai 70. Sai a ninka ƙarin 0.30 da 0.93, a samu 0.279. Ba a tsayawa nan, domin mace-macen da ake gani yau sun riga sun ragu saboda kashi 40 ɗin da ke sha. Don haka a raba da 0.628, wato 1 a cire 0.93 sau 0.40. Amsar kusan kashi 44 ce. A cikin kowace mutuwa 1,000 ta gudawa, kimanin 440 ke nan, kafin a rage kason gudawar da ORS ba ya maganinta. Idan an ƙara ƙwayar zinc, wadda aka ɗauka tana hana kashi 23 na mutuwar gudawa, manhajar ba ta tara 44 da 23 kawai ba. Tana fara lissafin rigakafi, sannan kowane magani ya yi aiki a kan mace-macen da suka saura, don kada a ceci yaro ɗaya sau biyu a takarda. Wannan shi ne babban abin da ta fi lissafin hannu da shi, kuma ƙirga yaro ɗaya sau biyu kuskure ne da ya cika takardun neman tallafi.

Akwai sashen Missed Opportunities, wanda ke ɗaga kowane magani shi kaɗai zuwa kashi 90 ya jera su bisa yawan rayukan da za a ceto. Cikin mintuna kaɗan za ka ga me ke sama, me ke ƙasa. Ya dace da zaɓen abin da za a sa a gaba. Bai dace a ɗauke shi a matsayin alkawari ba, tunda kai kashi 90 ba wasa ba ne.

Matsalar tana farawa ne idan an sauko jiha, inda a Najeriya ake yanke shawarar kuɗin asibitocin sha-ka-tafi. Alƙaluman da manhajar ke zuwa da su na ƙasa ne baki ɗaya. A NDHS 2018, yara 132 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara 5 a faɗin ƙasar, amma a Kebbi 252 ne, a Ogun 30. Wanda ya bar lambar ƙasa ya yi wa Kebbi lissafi ya zubar da kusan rabin gaskiyar. Akwai hanyar shigar da alƙaluman jiha, sai dai a nan ne gumin yake. Yawan jama'ar jiha ƙiyasi ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006. Adadin mutuwar yara na jiha a NDHS matsakaici ne na shekaru 10 kafin binciken, ba hoton bana ba. Musabbabin mutuwa kuwa ya fi wuyar samu; binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2019, inda aka tambayi iyaye yadda yaro ya yi jinya har ya rasu, ya fi amfani a matakin shiyya. Idan ka sa zazzaɓin cizon sauro ƙasa da yadda yake a jiharka, gidan sauro mai magani zai faɗo ƙasan jeri ba da laifinsa ba. Manhajar kamar sikelin kasuwa take, abin da ka ɗora shi take aunawa, ba za ta ce maka an cusa tsakuwa a buhu ba.

Tarko na biyu ya fi ɓuya. Inda babu alƙaluman takamaiman aiki, akan yi amfani da zuwa awon ciki ko haihuwa a asibiti a matsayin ma'auni. Amma mace na iya haihuwa a ɗakin da babu allurar tsayar da jini, babu wuta, ungozoma ɗaya ce kuma ta tashi aiki. Uwa na iya cewa ta ba yaro ORS alhali ta dama ƙunshin a ruwan da ya wuce kima, ya sha kofi ɗaya aka bari. Lissafin ya ɗauka an yi komai yadda aka yi a gwaji, don haka lambar kan fito da ƙiba. Gyaran shi ne a rage kason gwargwadon abin da binciken asibitocin jihar ya nuna game da kayan aiki da magunguna, a kuma kai wa hukuma lamba biyu, ta sama da ta ƙasa.

Sauran aikin kuma ba nata ba ne. Tana da sashen ƙiyasta kuɗi, amma sai ka sa farashin gida da kanka, har da sufuri da ajiya. Ba ta san cewa takardar da ta isa ma'aikata bayan gwamna ya miƙa kasafi ga Majalisar Dokoki ta makara ba. Lokacin shiga shi ne sa'ad da ma'aikatar kasafi ta nemi kowace ma'aikata ta kawo ƙiyasinta. Ba ta bambanta kuɗin da aka rubuta da wanda aka saki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Abin da ke aiki shafi ɗaya ne: buƙata guda, layin kasafin da za a ɗora ta, kuɗinta, rayukan da ake sa ran ceto, da sunan binciken da aka ɗauko kowace lamba.

Ga ƙungiya ko sashen tsare-tsare da ke da mutum ɗaya mai sanin alƙaluma, wanda zai zauna ya duba kowane gurbi kafin ya danna, LiST ta cancanci lokacin koyonta. Wanda ba shi da irin wannan mutum, gara ya tsaya a Missed Opportunities ya ga jerin, ya nemi wani daga sashen lafiyar al'umma na jami'a mafi kusa ya yi masa hasashen jiha.