Yaya, dakata da zuba simintin garken nan

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Na ji ka sayi siminti da kwano za ka gyara garken ragunanmu na Yelwa kafin layya. Don Allah ka saurare ni tukuna.

Ka san aikin da na samu a wajen garin Liyon na Faransa: wanke ɗakunan karnuka da kyanwoyin da aka tsinta a titi. Na san za ka yi dariya, ni ma da farko kunyar faɗa nake. Su Faransawa tun 1845 suke da ƙungiyar kare dabbobi, kuma dokarsu ta ce kowane kare sai an ba shi fili murabba'in mita 5, tsayin ɗakin mita 2. Akwai ɗalibanmu a nan da ɗakinsu bai fi haka da yawa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daɓen. An ɗan karkata shi, kaɗan ƙwarai, ido ba ya gani, amma da na watsa ruwa sai ya gangara kwata da kansa, fitsari ba ya kwana. Kwatar ɗaki ɗaya ba ta bi ta cikin na kusa, don kada zawon wannan ya je ƙafar wancan. Inda bango ya haɗu da ƙasa an shafe shi ya lanƙwasa, babu lungun da datti zai maƙale. Ƙofa biyu ce a jere, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Wata rana na manta, wani baƙin kare ya sa ni tsere har bakin titi.

Baƙon kare ko kyanwa da aka kawo yau kuwa ba ya haɗuwa da 'yan gida. Ɗakinsa daban, bokitinsa da tsintsiyarsa daban, sai likita ya duba shi. Nan na tuna ragon da muka sayo a kasuwa yana majina, muka ɗaure shi cikin sauran a daren, bayan sati biyu muka binne huɗu. Ga LANAVET, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Kamaru, a Bokle kusa da Garwa, a bakin ƙofarmu, ana haɗa allurar rigakafi, mu kuwa ko tambaya ba mu yi ba.

Ba duk nasu za ka ɗauka ba. Su sanyi suke gudu, har ɗumama ɗaki suke yi. Zafin Garwa na watan Afrilu kuwa, in ka rufe rago a ƙarƙashin kwano gajere, gasa shi ka yi. Ɗaga rufin sosai, ka bar gefe biyu a buɗe, ka shimfiɗa zana a sama. Kada magini ya goge daɓen ya yi santsi, kofato zai zame. Kwatar ta fuskanci bayan gida, nesa da rijiya.

Na turo jaka hamsin. Ashirin a ciki na ƙaramar rumfar baƙo ce, can gindin darbejiya, da kwanon shanta na kanta.