Hoton ƙwari a cikin ɗaki: wane kaya za ka fara saya?

Kafin ka zare kuɗi, auna ƙwaron da kake son ɗauka, don girmansa ne zai faɗa maka abin da ya dace. Gilashin makro (gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa) mai 1:1, wato mai fitar da abu da ainihin girmansa a kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, yana cika hoto da abu mai faɗin milimita 36 a kyamara mai babbar sensa, ko wajen 23 a mai ƙaramar sensa ta APS-C. Wannan ya ishi fara da buzuzu da ƙudan zuma. Tururuwa kuwa, ko idon ƙuda, sai an ninka sau 2 zuwa 5.

Mafi araha shi ne Raynox DCR-250, ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a gaban wanda kake da shi. Da gilashin milimita 200 yana kaiwa ninki 1.6, kuma akwai tazarar santimita 12 tsakaninka da ƙwaron. Bututun ƙari, wanda ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, irin saitin Kenko mai milimita 12 da 20 da 36, babu gilashi a cikinsa. In ka haɗa ukun a gilashin milimita 50 za ka wuce 1:1, sai dai za ka matso har ka tare wa kanka haske. Kada ka sayi bututun da ba shi da mahaɗin lantarki, domin yawancin gilasan zamani ba za su bari ka rage ƙofar haske ba.

In hali ya yi, gilashin makro na milimita 90 zuwa 105 ya fi kwanciyar hankali. Laowa 100mm yana kaiwa ninki 2. Su kuwa Canon MP-E 65mm da Laowa 25mm suna kaiwa 5, amma ba sa ganin nesa sam, ba za su ɗauki hoton mutum ba.

Inda masu saye suka fi yin sake shi ne haske, kuma a nan ya kamata rabin kuɗin ya tafi. A 1:1, ƙofar haske ta f/8 tana aiki tamkar ta f/16 wadda ta fi ta ƙanƙanta, hasken ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sannan wurin da ke fitowa tar bai kai milimita ɗaya ba. Fitilar ɗaki ba za ta iya ba. Sayi filasha wadda ake rage mata ƙarfi da hannu; a 1/16 na ƙarfinta walƙiyarta gajera ce, tana daskarar da motsin ƙafa da rawar hannu. Dole a tausasa ta da farar takarda ko farin kofin roba da aka kewaye ƙwaron da shi, in ba haka ba bayan buzuzu zai yi ƙyalli fari fat, zanensa ya ɓace. Filasha mai zobe tana barin da'ira a ido, ga shi tana shafe inuwa. Fitilar LED ta fi dacewa da mataccen ƙwaro.

Da zarar ka haura ninki 2, sai ka tanadi layin dogon da ke matsar da kyamara kaɗan-kaɗan, da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker mai haɗa hotuna da dama su zama ɗaya wanda duk ƙwaron ya fito tar a cikinsa. Ɗora kyamara da ƙwaron a kan katako guda mai nauyi, don takun mutum a ɗaki ma yana ɓata jerin.