Sharhi kan ziyarar cocinan dutse na Lalibela

Wanda duk zai je Lalibela, ya ɗauki ɗan jagora ɗan garin, ya kuma nemi su fara tun da asuba. Na ga wurin da hantsi, na gan shi kafin fitowar rana, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

Lalibela ƙaramin gari ne a yankin Amhara na Habasha, bisa tsaunuka masu tsayin kimanin mita 2,500, shi ya sa sanyin safiya yake ratsa ƙashi. Coci 11 ne a nan, kuma ba gina su aka yi ba. Dutsen aka haƙa daga sama zuwa ƙasa, aka sassaƙa ƙofofi da tagogi da ginshiƙai a jikinsa. Ana danganta aikin ga Sarki Lalibela na daular Zagwe, tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13, wanda ake cewa ya so ya yi wa mutanensa wata Ƙudus a gida. Har rafin da ya ratsa wurin Yordanos suke kiransa. UNESCO ta sa cocinan cikin kayan tarihin duniya a 1978.

Da asuba ne za ka gane cewa har yau ibada ake yi a ciki. Maza da mata sun lulluɓa da fararen mayafai, limamai na rera addu'a da Ge'ez, tsohon harshen ibada na cocin Habasha, ga ganga, ga turaren wuta ya cika ko'ina. Ni Musulmi ne, na faɗa wa jagorana tun farko, kuma babu wanda ya ɗaure mini fuska. Da kansa ya kawo zancen Najashi da sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha. Ya nuna mini inda zan tsaya ba tare da na shiga gaban masu ibada ba, da lokacin da ya dace in ajiye waya. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da na biya shi.

A cikin cocinan, Bete Giyorgis ta fi kama zuciyata. Tana cikin rami mai zurfin kusan mita 12, da siffar gicciye, rufinta daidai da ƙasar da kake takawa. Sai ka bi wani siririn lungu kafin ka isa ƙofarta. Bete Medhane Alem ta fi girma, amma rumfar ƙarfen da aka kafa a kanta don kare ta daga ruwan sama ta rage mata kwarjini sosai. Na fahimci dalilin, sai dai abin ya yi mini ciwo.

Tikitin baƙi da tsada, ko da yake yana aiki na kwanaki. Ana cire takalmi a kowace ƙofa, don haka a sa safa mai kauri, saboda sanyin dutse da ƙumar da ke cikin wasu shimfiɗu. Ba a barin mata su shiga cocin Bete Golgota. Matakalan na da santsi, dattijo zai buƙaci mai riƙe masa hannu. Yankin Amhara ya sha rikici a 'yan shekarun nan, saboda haka a bincika halin tsaro kafin a sayi tikitin jirgi daga Addis Ababa.