Boris na tayar baya: mai roba ko buɗaɗɗe?

Jama'a sun dame ni da tambaya wane boris za su sa wa tayar bayan mashin, mai rufin roba ko buɗaɗɗe. Buɗaɗɗen ya fi araha kuma kana iya wanke shi ka ƙara giris, amma fa ƙurar hanyar Jega zuwa Yauri da ruwan damina shiga suke kai tsaye, giris ya koma taɓo, sai ka ji taya na gurnani. Mai rufin roba, wanda ake rubuta wa 2RS, ya ɗan fi tsada, girisinsa na ciki ba ruwanka da shi, sai dai in bakanike ya buga shi da guduma ko ya ɗaure sarƙa tamau, ko wanne ne ba zai daɗe ba.

Mai doguwar tafiya da kaya, sa mai roba. Ɗan kabu-kabun cikin Birnin Kebbi da ke leƙa gareji kullum, buɗaɗɗe ma ya ishe shi.